Rumfar jirgin sama: a auna jirgi kafin a aza tubali

A faransancin da muke ji a ƙasar nan, da rumfar mai tumatir a kasuwar Maraɗi da ƙaton ɗakin da ake shigar da jirgin sama don gyara, duk suna guda ake kiransu, wato hangar. Wanda ya taɓa kafa rumfa ya san ciwon a gama aiki sannan a tarar buhunan ba su shiga. To, a rumfar jirgi wannan kuskure na miliyoyin kuɗi ne, kuma in ginin gwamnati ne, daga harajinmu da patantinmu za su fito.

Ra'ayina shi ne, duk ranar da aka tashi gina irin wannan rumfa a Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Tawa, to a fara da tambaya guda: wane jirgi ne zai shiga? Jirage ba girmansu ɗaya ba. Jirgin ATR 72, mai farfela biyu, faɗin fukafukansa metir 27 ne, tsayin wutsiyarsa bai kai metir 8 ba. Shi ko Boeing 737-800, faɗinsa ya kusa metir 36, tsawonsa ya kusa metir 40, wutsiyarsa ta tashi metir 12 da rabi. Rumfar da aka yi wa na farko ba ta ɗaukar na biyu, ko da an sa masu dabara goma.

Kuma girman jirgi kaɗai bai isa ba. Mai sayar da atamfa ba ta cika shago har bakin ƙofa, tana barin wurin da mai saye zai tsaya da wurin da za ta warware turmi. Haka nan makanikai na buƙatar fili a kowane gefe don tsani, da motar jan jirgi, da wurin sauke inji. In aka bar metir 5 a kowane ɓangare na Boeing ɗin nan, ana neman metir 46 a faɗi da 50 a tsawo. Filin shago kusan 190 ke nan masu metir 3 bisa 4, ga jirgi guda tak. Ban sa ma'ajiyar kayan gyara da ofisoshi ba. Sannan babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, don fiffike ba ya lanƙwasa ya kauce masa. Rufi ma dole ya zarce wutsiya sosai, domin akan ɗaga jirgi da jak a gwada ƙafafunsa.

Ƙofa ita ce wurin da ake yawan tuntuɓe. Ciki na iya zama da faɗi, amma in ƙofa ta gaza, wutsiya waje za ta kwana. Mu kuma da muke da ƙurar hunturu da iskar farkon damina mai kwashe kwano, rumfar da ba ta rufuwa ba ta da amfani, tunda inji buɗaɗɗe da rairayi ba su haɗa hanya.

Wani zai ce: to a gina ƙato mana a huta. Nan ma akwai hasara. Kowane metir da aka ƙara a faɗin rufi marar ginshiƙi, ƙarfe ne mai tsada, ga wuta, ga kayan kashe gobara, ga kulawa. Dubi Airbus A380, mai faɗin kusan metir 80. Filayen jirage da dama sun kashe kuɗi don karɓarsa, amma a 2021 kamfanin ya daina ƙera shi. Abin da ya dace shi ne a gina daidai jiragen da ke sauka yau da waɗanda ake sa rai nan da shekaru, a bar fili a gefe don ƙari, kada a raba shi fuloti.

Mi ya shafi ɗan kasuwa? Jirgin da ba ya da wurin gyara a gida, sai ya tafi wata ƙasa, kuma kuɗin wannan tafiya a cikin tikitinka da na kayanka ake fanshe su. Kamfanin jiragen Habasha ya gina manyan rumfunan gyara a Addis Ababa, har jiragen wasu ƙasashe na zuwa suna biya. Wannan ma kasuwa ce.

Don haka ina kira ga shugabannin ƴan kasuwa, in aka gayyace ku bikin aza tubali, kada ku tsaya ga tafi. Ku tambayi faɗin ƙofa, da jirgin da aka auna, da inda za a ƙara gini gobe. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah shi sa mu dace, amin.