Kalma Biyu A Fayil Na Iya Raba Mutum Da Aikinsa

Daga Wakilinmu

Sanin kowa ne cewa da Turanci ake gudanar da aikin gwamnati a ƙasar nan. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ma Turanci ya sa gaba wajen aikin Majalisar Tarayya, ya ce Hausa da Ibo da Yarbanci sai an yi musu tanadi. Da Turanci ake rubuta takardar tuhuma, da shi mai binciken kuɗi yake rahoto, da shi kuma ɗalibi yake amsa jarrabawa. To, a cikin nahawun wannan harshe akwai wani lungu da ake rainawa, alhali kuwa a nan ne ake ɗora wa mutum laifi ko a wanke shi. Ra'ayinmu shi ne ba a koyar da wannan lungu yadda ya kamata, kuma illar da hakan ke jawowa ta wuce faɗuwa jarrabawa.

Turawa suna da wasu ƙananan kalmomi mataimakan aikatau, wato can da could, may da might, shall da should, will da would, sai must da ought. Ba su nuna aiki. Abin da suke nunawa shi ne matsayin mai magana game da aikin: tilas ne, ko zato ne, ko dama ce. In Bature yana son ya mai da su kan abin da ya wuce, sai ya kawo have a bayansu, ya biyo da siga ta uku ta aikatau, irin su gone da written da paid. Ginin iri ɗaya ne a ido, amma kowace kalma da inda take kai mai karatu.

Mu fara da should have. Idan babban jami'i ya rubuta a fayil cewa "the voucher should have been signed", abu biyu ya faɗa a numfashi guda: ba a sa wa baucar hannu ba, kuma akwai wanda ya yi sakaci. Da Hausa cewa za mu yi "ya kamata a ce an sa hannu". Masana tarihin Turanci sun nuna cewa shall da ought duka daga kalmomin bashi suka samo asali, shi ya sa har yau akwai ƙamshin hakki a jikinsu. Akawun da ya ɗauki wannan jimla a matsayin umurnin ya sa hannu gobe, ya mayar da amsa cewa zai yi, ya bar zargin yana nan bai taɓa shi ba. Amma a lura, in an ce "the letter should have arrived by now", ba zargi ke nan ba, lissafi ne: a bisa ƙa'ida wasiƙar ta isa. Abin da ke kewaye da jimlar shi zai raba gardama.

Must have ta fi kowace haɗari. Mun saba da must a matsayin tilas, amma da zarar have ta biyo ta, galibi ta tashi daga tilas ta koma zato mai ƙarfi. "The storekeeper must have removed the bags" ba ta nufin wajibi ne a kan mai kula da sito ya kwashe buhunan. Nufinta shi ne "lalle shi ya kwashe", wato mai rubutu bai gani da idonsa ba, alamu ya haɗa ya yanke. Tilas na abin da ya wuce kuwa da had to ake faɗinsa. Kishiyar must have a Turancin Ingila ita ce can't have, wato "ba zai yiwu a ce ya yi ba". Akwai togiya guda da kowane mai neman aiki ya sani. In sanarwa ta ce "applicants must have completed national service", sharaɗi ne sosai: sai wanda ya gama bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, shi zai nema.

Yanzu a duba abin da kan faru in rahoto ya bi hannu uku. Mai bincike ya rubuta may have, wato "mai yiwuwa ya yi". Na sama da shi ya taƙaita ya sa must have, wato "lalle ya yi". Kafin takarda ta kai teburin babban sakatare, an zubar da mataimakin gaba ɗaya, ta koma "ya yi". Ba wanda ya yi niyyar ƙarya, amma shakka ta rikiɗe ta zama hukunci, kuma magidanci ya doshi kora da asarar fanshonsa. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka buga wa hatimi.

Haka nan tsakanin may have da might have akwai siririn zare. "He may have died" na nufin ba mu sani ba ko yana raye. "He might have died" kuwa tana iya nufin saura kaɗan ya mutu amma Allah Ya kiyaye. Turawa da kansu sun fara cakuɗa su a jaridunsu, amma wannan ba hujja ba ce ga mai rubuta rahoton hatsarin mota. Could have takan nuna damar da aka samu ba a yi amfani da ita ba. Would have kuwa ita ce amsar sharaɗin da bai cika ba, abin da Bahaushe ke ginawa da "da" biyu: da ka faɗa mini, da na zo. Sai needn't have. Wanda aka ce wa "you needn't have travelled" ya riga ya yi tafiyar, ashe ba bukata. Wanda ya ce "I didn't need to travel" kuwa galibi bai motsa ba. Mai biyan kuɗin tafiya ya san bambancin ba ƙarami ba ne.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman makaranta ce kawai. Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2001, ta tanadi a sashe na 28 cewa ana kama kwamandan soja da laifin dakarunsa in ya sani, ko kuwa in bisa halin da ake ciki "should have known". Wato ko da bai sani ba, in ya kamata a ce ya sani, kuma bai ɗauki matakin hanawa ko hukuntawa ba, ba zai kuɓuta ba. Kalma uku ke nan da ke iya kai janar kurkuku.

Ina matsalar take? A ganinmu, a aji take. Ana ba yaro jerin kalmomin nan ya haddace kamar lissafin sau, ya cike gurbi, a ba shi maki. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, takan kawo jimla ta ce a zaɓi ma'anar da ta fi dacewa da ita, kuma a nan ne hadda ke ƙarewa. Ga kuma matsalar kunne. A bakin Bature have takan shanye ta koma ɗan sauti, should've, har wasu 'ya'yansu kan rubuta should of bisa kuskure. Wanda bai ji have ɗin ba ya ɗauka shawara ake ba shi, alhali faɗa ake yi masa.

Maganin yana hannunmu. Hausa tana da "ya kamata a ce", da "lalle", da "wataƙila", da "saura kaɗan", da "ashe", da "da" biyun nan. Yaron firamare yana rarrabe su ba tare da an koya masa ba. Me zai hana malami ya ajiye kowace jimlar Turanci kusa da 'yar'uwarta ta Hausa, ya tambayi aji tambaya biyu: an yi aikin ko ba a yi ba? Mai magana ya gani, ko zato yake? Wasu za su ce shigo da Hausa ajin Turanci zai lalata Turancin yara. Muna girmama wannan ra'ayi, domin harshe sai da yawan ji da yawan faɗi. Amma minti biyar na bayani da harshen da yaro ke tunani da shi ba zai rage masa komai ba, kuma ya fi shekara shida na maimaita abin da bai gane ba.

Ga ma'aikata kuwa, shawararmu uku ce. In ka gani, rubuta cewa ka gani, da rana da wuri. In zato kake, bar may ɗinka yadda take, ka faɗi alamun da ka dogara da su. In kana taƙaita rahoton wani, kada ka ƙara masa ƙarfin da bai ba shi ba. Ya kamata makarantun horar da ma'aikata su sa wannan a darasin rubutun fayil, kuma kwamitin ladabtarwa ya ƙi yanke hukunci a kan must have sai an kawo shaida.

Magana zarar bunu ce, ta fayil kuwa ta fi ta baki daɗewa, domin mai ita zai yi ritaya ya bar ta tana aiki. Da-na-sani ƙeya ce, kuma should have ita ce sunanta da Turanci. Allah Ya sa mu gyara tun alƙalami yana hannu.