Wa zai gaji Farfesa Abba Gumel daga Gude?

A shekarar 1989 Jami'ar Bayero ta Kano ta yaye wani matashi mai suna Abba Gumel da digirin farko a fannin lissafi. Bayan shekara biyar, a 1994, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Brunel da ke Ingila. Ya koyar a Malesiya, sannan ya koma Jami'ar Manitoba ta Kanada a 1999, inda ya shafe kusan shekara 15. Daga nan Jami'ar Jihar Arizona a Amurka ta ɗauke shi a 2014, kuma tun 2022 yake riƙe da babbar kujerar farfesan lissafi a Jami'ar Maryland. Yana cikin zaɓaɓɓun mambobin Cibiyar Masana Kimiyya ta Najeriya da takwararta ta Afirka.

Abin da ya sa muka waiwayi tarihinsa shi ne tambayar da ɗalibai da iyaye da yawa ke yi: wai me lissafi zai tsinana wa mutum? Aikin Farfesa Gumel amsa ce a aikace. Fanninsa shi ne amfani da lissafi wajen gano yadda cututtuka ke yaɗuwa da yadda za a daƙile su.

Tushen fannin ba shi da wuyar fahimta. Masana kan tambaya: idan mutum ɗaya ya kamu da cuta, mutum nawa zai shafa wa kafin ya warke? Idan adadin ya haura ɗaya, annoba za ta bazu. Idan aka danne shi ya koma ƙasa da ɗaya, cutar za ta mutu da kanta. Mai ƙyanda ɗaya, alal misali, kan iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi rigakafi ba. Shi ya sa likitoci ke cewa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na yara allura kafin gari ya tsira. Lissafi ne ya fitar da wannan adadi.

A kan wannan turba Gumel ya yi fice. A 2004 ya jagoranci wani nazari kan hanyoyin shawo kan cutar SARS. A farkon 2020, lokacin da duniya ke ta gardama kan ko takunkumin rufe baki da hanci na da amfani, shi da abokan aikinsa suka yi amfani da alƙaluman jihohin New York da Washington suka nuna cewa ko takunkumin da ba shi da inganci sosai zai rage mace-mace idan akasarin jama'a suka sanya. Ya kuma yi bincike mai yawa kan zazzaɓin cizon sauro, musamman yadda sauyin yanayi da bijirewar sauro ga maganin feshi ke shafar yaƙi da cutar. Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Kuma ba shi ne farau ba. Tun a ƙarni na 18 Malam Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi irin na hatimi, wanda duk ta inda aka tara layinsa jimla ɗaya ake samu, kuma a birnin Alƙahira ya rasu a 1741. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi Kwalejin Barewa da Ibadan da Kambirij, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Malamanmu na zaure ma da lissafi suke raba gado da fitar da zakka. Don haka maganar cewa ɗan Arewa ba ya jituwa da lissafi ba ta da tushe.

Abin damuwar shi ne tsanin da waɗannan mutane suka taka. Makarantun gwamnati ne suka haifi Farfesa Gumel da Farfesa Iya Abubakar. Shin yaron da ke aji biyar na firamare a Gude ta ƙaramar hukumar Kabo, ko yarinyar da ke ƙaramar sakandare a wani ƙauyen Gwarzo, suna da irin wannan tsani a yau? Duk wanda ya san makarantun karkara ya san amsar. A wurare da dama malamin lissafi ɗaya ne ke zagaya azuzuwa, a wasu kuma wanda ya karanta wani fanni daban ake ɗora wa darasin. Yaro ya haddace jadawalin sau da Turancin da bai fahimta ba, ya isa ajin ƙarshe yana tsoron lissafi kamar dodo, daga nan sai neman satar amsa.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa saboda dalilai biyu. Na farko, an amince da ɗaga darajar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo zuwa jami'a. Abin farin ciki ne, amma ba a shiga injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta sai da kiredit a lissafi. Idan ba a gyara tushe ba, 'ya'yan Gude da Garo za su riƙa kallon ginin daga bakin ƙofa, wasu daga nesa su cike guraben. Na biyu, a watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karanta fannonin adabi da makamantansu. Matakin zai buɗe wa wasu ƙofa, amma muna fargabar shugabannin makarantun da ba su da malamai za su mayar da shi hujjar tura yara ɓangaren da babu lissafi.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Muna kira gare ta da ta auna nasarar dokar da abu ɗaya mai sauƙin ƙirgawa: kowace sakandare ta karkara ta samu ƙwararren malamin lissafi, tare da alawus ɗin da zai sa ya zauna a ƙauyen maimakon neman canji zuwa birni. A ƙananan azuzuwan firamare a bar malamai su yi bayanin tarawa da ɗebewa da rabawa da Hausa, domin yaron da ke iya ba da canji daidai a kasuwar Gwarzo ba daƙiƙi ba ne. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977 kuma suka samar wa Kano likitoci da injiniyoyi masu yawa, su koma farautar haziƙai har cikin ƙauyuka.

Ita ma sabuwar jami'ar ta Kabo ta ɗauki sakandaren da ke kewaye da ita a matsayin amana, ta riƙa shirya wa malamansu bita lokacin hutu. Jami'ar Bayero kuma ta ƙara ƙaimi wajen jawo tsofaffin ɗalibanta irin su Farfesa Gumel su riƙa duba ayyukan masu digiri na biyu da na uku, ko da ta intanet ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai yiwuwa yaron da zai lissafo mana hanyar kawar da maleriya yana zaune yanzu haka a wani aji a Gude, yana jiran malamin da ba a turo ba. Haƙƙin gwamnati ne ta tura shi, haƙƙin iyaye da masu unguwanni ne su tambaya idan bai zo ba.