Ina Kake Nuna Kyamararka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A zamanin iyayenmu ɗaukar hoto hidima ce ta musamman: sai an yi wanka, an sa kayan sallah, an tafi shagon mai hoto, sannan a jira kwanaki kafin a wanke fim. Yau kuwa kowane ɗayanmu yana yawo da kyamara a aljihu, yana ɗaukar jaririn gidansu, da kyanwar ƙanwarsa, da gonar kakansa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Abin da ya zo da sauƙi irin wannan shi ne ake saurin mantawa cewa akwai hisabi a kansa. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan lamari.

Bari mu fara da hukunci, domin shi ne tambayar da ɗalibaina na Islamiyya suka fi yawan yi mini. Hadisan da suka yi narko a kan masu suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Inda malamai suka saɓa shi ne: shin hoton kyamara ya shiga cikinsu? Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, bisa hujjar cewa kyamara tsare inuwa kawai take yi, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Shehu Yusuf al-Ƙardawi ya bi wannan ra'ayi a littafinsa Al-Halal wal-Haram na 1960. Shehu Bin Baz da Shehu Albani, waɗanda dukansu suka rasu a 1999, sun hana hoton mai rai sai da lalura, kamar fasfo da katin shaida. Shehu Ibn Usaimin ya ga cewa hoton kyamara bai shiga surantawar da hadisi ya hana ba, amma ya rataya hukuncinsa a kan manufa, kuma bai yarda da ajiye shi don tunawa kawai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, abin da aka yanke da haramcinsa shi ne sura cikakkiya mai jiki da inuwa, irin gunki.

Ni dai na karkata ga halacci tare da sharuɗɗa. Amma wanda ya ƙaurace wa hoton mai rai don tsantseni yana da magabata, kuma bai kamata a yi masa ba'a ba, kamar yadda bai kamata shi ma ya fasiƙantar da ɗan uwansa a kan mas'alar saɓani ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mun cika wayoyinmu da abin da ake saɓani a kansa, mun yi watsi da abin da babu saɓani. Lokacin da wani mai sana'ar zane ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, sai ya nuna masa bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Wannan ƙofa a buɗe take ga kowa. Kuma Suratul Gashiya ta kira mu da mu dubi sama da duwatsu da shimfiɗar ƙasa. To, ya ɗan uwa, hotunan fuskarka nawa ne a wayarka, kuma nawa ne na kukar da ke bakin garinku?

Ba don nishaɗi kawai nake wannan kira ba. Ƙasarmu tana sauyawa a kan idonmu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, badala tana zaizayewa, kududdufai da yawa an cike su an yi gini. A karkara ana sare ɗorawa da kaɗanya don itace da gawayi, rumbun ƙasa yana ba wa buhu wuri, jigo ya ba wa injin ban ruwa. Yaron da za a haifa nan da shekara ashirin, da me za ka nuna masa yadda gawo yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa? Ka ɗauki hoton, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da haske ke da taushi, sannan ka rubuta sunan wurin, da shekarar, da sunan bishiyar kamar yadda dattawa ke kiranta. Hoton da ba shi da suna da kwanan wata tamkar ruwaya ce da ba ta da isnadi.

Sai batun iyali, kuma nan ne amanar ta fi nauyi. Idan ka bi ra'ayin halacci, to ka san cewa halaccin ɗauka daban, halaccin yaɗawa daban. Mahaifiyarka tana tsakar gida ba mayafi, ƙanwarka amarya a cikin ƙawayenta, kakanka a gadon asibiti, mamaci kafin a rufe shi: duk waɗannan suna da alfarma, kuma kasancewarka ɗan gida bai ba ka izinin fitar da su kasuwa ba. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani. Wanda ya sanya hoton tsakar gida a Facebook ko TikTok ya shigar da dubban baƙi gidan ba tare da sallama ba. Ƙari a kan haka, wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma a yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya ɗaukar fuskar yarinya su ɗora ta a kan abin da ba ta taɓa aikatawa ba. Abin da ya shiga intanet kamar magana ce, idan ta fita ba ta komawa.

Haka nan a kiyayi rataye hoton mamaci ko na wani malami a bango don girmamawa. Ɗan Abbas ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, alaihis salam, asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa musu alamomi don tunawa, da zamani ya yi nisa ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Mamaci addu'a da sadaka yake buƙata daga gare ka. Hoton ya zauna a cikin albam, a buɗe shi don a nuna wa yara dangi, a sada zumunci.

Dabbobin gida kuwa, hotonsu yana cikin saɓanin da muka ambata, tunda masu rai ne. Amma kiwonsu da ƙaunarsu ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana tambayar ƙanin Anas labarin ɗan tsuntsunsa. Sai dai kada a wahalar da dabba don hoto ya yi kyau ko bidiyo ya ba da dariya: a jiƙa kyanwa, a ɗaure tattabara, a tsorata ragon layya. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Kafin ka danna, ya ɗan uwa, ka tambayi kanka abu uku: shin wanda ke cikin hoton ya yarda? Shin zan so a ga tawa uwar ko 'yar a wannan hali? Shin wannan hoto zai tuna wa wani ni'imar Allah, ko kuwa neman yabo ne kawai? Idan amsar ta kwanta maka a rai, ɗauki. Idan ta yi maka ƙaiƙayi, mayar da wayar aljihu, ka kalla da idonka, ka yi tasbihi.

Allah Ya sa idanunmu da abin da hannayenmu suka ɗauka su zama hujja gare mu ranar gobe. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.