Kasuwar rauta na bunƙasa a duniya, amma a Gaya da Ajingi wuta da sabis ne ke da ta cewa

Tun bayan annobar korona a 2020, lokacin da aiki da karatu suka koma gida a ƙasashe da dama, na'urar rarraba intanet da ake kira rauta ta shiga sahun kayan da gida ba ya rasawa. A Amurka da Turai da Sin, abin da ke tura kasuwar gaba yanzu shi ne sauya tsoffin na'urori da sababbi, musamman bayan da aka fara tantance fasahar Wi-Fi 7 a watan Janairun 2024. Kamfanoni irin su TP-Link da Huawei da ZTE na rige-rigen mamaye wannan kasuwa.

Sai dai a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, lissafin daban ne. Wi-Fi 7 an yi ta ne domin gidan da wayar fiba ta shiga kuma wuta ba ta ɗaukewa. A nan kuwa, na'urar da ta fi dacewa ita ce ƙaramar MiFi ko rautar 4G mai cin layin waya, wadda ake sarowa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Masu buƙatarta ba ɓoyayyu ba ne: mai sana'ar POS, mai shagon kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, malamin makaranta, da magidancin da ya ga sayen data a layi ɗaya ya fi sauƙi a kan loda wa wayoyi biyar.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne rauta ba ta ƙirƙirar sabis, wanda ta samu take rabawa. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022 a manyan birane bakwai, ciki har da Kano, amma fasahar ta fi ƙarfi a birane. Wanda ya sayi rautar 5G mai tsada ya kai ta ƙauyen da 4G ma ke rawa, ya yi asarar kuɗinsa.

Matsala ta biyu ita ce wuta. Inda wutar KEDCO ba ta tsayawa, rauta marar batir sai an haɗa ta da sola ko fawa banki, kuma wannan ƙarin kuɗi ne.

Ta uku ita ce tsada. Na'urorin daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 a 2024. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Starlink, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, ba ya buƙatar turken sabis, amma farashinsa ya fi ƙarfin yawancin manoma, sai dai cibiya ko 'yan kasuwa su haɗa hannu.

Gwamnatin tarayya ta yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa zuwa 2025, burin da bai cika ba. Yanzu tana maganar shimfiɗa wayar fiba mai tsawon kilomita 90,000. Ko wayar za ta wuce Wudil ta isa garuruwa irin su Gaya da Ajingi, nan ne ya kamata wakilan yankin a majalisa su sa ido.

Kafin nan, duk mai shirin sayen rauta ya fara gwada layukan kamfanoni a wayarsa a daidai wurin da zai ajiye ta, ya zaɓi mai batir, ya kuma tambaya ko tana karɓar kowane layi ko kulle take da kamfani ɗaya.