Kada Ka Saya Wa Tsohonka Zaure

Ya kai ɗan'uwa mazaunin Amurka, wanda tsufa ya cim ma mahaifinsa ko mahaifiyarsa a hannunsa, da kai nake yau. Kana fita aiki da asuba, maiɗakinka ma tana fita, yara suna makaranta, Baba kuwa yana gida shi kaɗai har magariba. Ya faɗi a banɗaki sau biyu. Ya sha maganin hawan jini da safe, ya manta, ya sake sha. Likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ga ka nan riƙe da takardun talla masu sheƙi na gidajen tallafin tsofaffi, inda tsoho ke samun ɗakinsa da abincinsa da masu taimaka masa wajen wanka, sa tufafi da shan magani.

Na san abin da ke cin ranka. A Kano ko Damagaram, tsoho yana da jikoki da surukai da maƙwabta, kuma wanda ya kai mahaifinsa gidan baƙi ya jawo wa kansa abin faɗi. Amma gidan haya mai ɗaki biyu a Bronx ko Houston ba shi da tsakar gida, ba shi da waɗannan hannuwa. Kunyar nan tana yi mana ɓarna iri biyu. Tana sa mu yi ta jinkiri har sai tsoho ya karye, asibiti ya ce za a sallame shi jibi, sannan mu zaɓi gida cikin kwana biyu. Tana kuma sa mu zaɓi gidan da ya fi kyan hoto, domin idan aka tura wa dangi a WhatsApp bakinsu ya mutu. Masu wannan kasuwa sun san da haka sarai, shi ya sa suke zuba kuɗi a zaure: fitilun ado, kujerun fata, furanni, har da fiyano da babu mai kaɗa shi.

Baba ba zai kwana a zaure ba. Abin da kake biya wa dubban daloli kowane wata shi ne hannun da zai ɗaga shi ƙarfe uku na dare idan fitsari ya matsa masa, da idon da zai lura cewa kwana biyu ke nan bai taɓa abincinsa ba. Duk gidan da ya gaza a nan, kyansa kyan ɗan maciji ne.

Doka ba ta tsare ka yadda kake zato

Mutane da yawa suna ɗaukar gidan tallafi da gidan jinya abu ɗaya, kuma wannan kuskure yana da tsada. Gidan jinya, wanda ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1987 wadda ta shimfiɗa haƙƙoƙin mazauna da ƙa'idojin kula da su. Tun 2008 hukumar da ke gudanar da Medicare take ba irin waɗannan gidaje taurari daga ɗaya zuwa biyar, kowa yana iya dubawa a intanet. Gidan tallafi ba ya cikin wannan tsari. Kowace jiha ce ke yi masa dokarta. Wata jihar ta ƙayyade yawan ma'aikata, wata kuwa ta ce kawai a samar da "isassu", ta bar wa mai gida ya fassara. A wurare da yawa doka ba ta tilasta a sami nas a cikin ginin dare da rana. Don haka taurarin da ka gani a shafin talla na gidan tallafi ba na gwamnatin tarayya ba ne.

Asalin tunanin mai kyau ne. Keren Brown Wilson, wadda mahaifiyarta ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, ita ce ta buɗe Park Place a birnin Portland na jihar Oregon a 1983, domin tsoho ya sami taimako ba tare da ya rasa 'yancinsa ba, har da ƙofar da zai iya kullewa da kansa. Amma mazauna waɗannan gidaje a yau sun fi na wancan zamani rauni. Ƙididdigar hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa kimanin rabinsu sun kai shekara 85 ko sun wuce, kuma kimanin huɗu cikin goma suna fama da cutar Alzheimer ko wani nau'in gigin tsufa. Masu bukatar jinya sun cika gidajen da ba a ɗora musu dokar jinya ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoto cewa jihohi 26 sun kasa faɗin adadin munanan abubuwa, irin su cin zarafi da sakaci, da suka faru ga masu cin gajiyar Medicaid a gidajen tallafi. Jihohi 22 da suka iya ƙirgawa sun kawo kusan 23,000 a shekarar 2014 kaɗai. A ƙarshen 2023 jaridar Washington Post ta gano cewa tun 2018 fiye da mutum 2,000 sun fice daga irin waɗannan gidaje ba tare da an sani ba, ko an manta da su a waje, kuma kusan 100 sun mutu, wasu da sanyi, wasu da zafin rana. Iyalansu sun biya kuɗi ne takamaimai domin kada hakan ta faru.

Wa ke riƙe da gidan?

Ingancin kulawa daga shugabanci yake gangarowa. Ma'aikaciyar da aka bar wa tsofaffi ashirin ita kaɗai cikin dare ba muguwa ba ce idan ta makara. Wanda ya tsara jadawalin shi ne abin tuhuma. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata 'yan'uwanmu ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, suna aiki mai nauyi a kan albashi ƙanƙane, kuma da zarar sun sami abin da ya fi sai su tafi. Kowace tafiya kuwa tana tafiya da ilimi: wadda ta san Baba ba ya haɗiyar ƙwaya sai an niƙa, wadda ta san shirunsa alamar ciwo ce.

Saboda haka kada ka tsaya ga mai tallar da ta tarbe ka da murmushi. Aikinta cika ɗakuna ne. Nemi ganin shugaban gidan da shugabar masu jinya, ka tambaye su shekara nawa suka yi a kujerunsu. Gidan da ya sauya shugaba uku cikin shekara biyu ya riga ya ba ka amsa, ruwa ba ya tsami banza. Tambayi mutum nawa ke aiki daga sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, a kan mazauna nawa, kuma ko dukansu a farke suke. Tambayi wa ke ba da magani, wane horo ya samu, da abin da ake yi idan ma'aikaci bai zo ba. Idan aka ce maka "muna da isassu", ka ce lamba kake so.

Tambayi kuma wa ya mallaki gidan, da ko an sayar da shi kwanan nan. Wani binciken masana tattalin arziki da aka fitar a 2021 ya gano cewa idan kamfanonin zuba jari masu saye domin sayarwa suka karɓi gidan jinya, mutuwar majinyata cikin ɗan lokaci tana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma lokacin da ma'aikata ke ba kowane majinyaci yana raguwa. A kan gidajen jinya aka yi binciken, amma lissafin ɗaya ne: albashi shi ne mafi girman abin da gida ke kashewa, kuma nan mai neman riba da gaggawa yake fara sa wuƙa.

Akwai ƙofofi biyu da ba sa cin ko sisi, amma kaɗan ne cikinmu ke ƙwanƙwasa su. Ta farko, hukumar jihar da ke ba gidan lasisi tana ajiye rahotannin duba shi. Ka karanta na shekara biyu ko uku, ka lura da laifin da ke maimaituwa. Ta biyu, kowace jiha tana da ofishin Ombudsman na kulawar dogon lokaci, wanda dokar tarayya ta tsofaffin Amurkawa ta tanada domin sauraron koken mazauna. Mutanen wannan ofishi suna shiga gidajen, sun san inda rufi ke yoyo. Ka kwatanta su da kamfanonin da ke cewa za su nema maka gida kyauta. Galibi gidan da ka zaɓa shi ke biyan su lada, kuma gidajen da ke da yarjejeniya da su suke nuna maka. Dillali ne, ka saurare shi a matsayin dillali.

Bayan haka, gani ya kori ji. Ka koma ba tare da sanarwa ba, ranar Lahadi da yamma ko lokacin abincin dare. Wuce zaure ka shiga can ciki. Shaƙi iskar wurin. Dubi farcen mazauna da tufafinsu. Duba ko akwai wanda aka ajiye wa abinci a gaba, ba ya iya ci, babu mai ba shi. Zauna kusa da wata 'yar da ta zo gaida uwarta ka tambaye ta minti nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙararrawa.

Kuɗin da aka faɗa maka somin taɓi ne

Binciken farashi na kamfanin Genworth ya sa matsakaicin kuɗin gidan tallafi a Amurka a dala 4,500 a wata a 2021, ya kai 5,350 a 2023, sannan 5,900 a 2024. Wato dala 70,800 a shekara. Medicare ba ta biyan wannan. Abin da take biya shi ne jinyar ƙwararru ta ɗan lokaci a gidan jinya, iyakarta kwana 100, bayan kwanciya a asibiti. Medicaid a jihohi da yawa tana taimakawa da kuɗin hidima, amma ban da haya da abinci, sau da yawa akwai layin jira, kuma ba kowane gida ke karɓarta ba. A yawancin jihohi ana waiwayar shekara biyar a duba ko tsoho ya kyautar da dukiyarsa. Kai da ka kawo iyayenka daga gida kana da ƙarin shinge: dokar 1996 ta sa yawancin masu katin zama na dindindin jiran shekara biyar kafin su cancanci Medicaid ta tarayya, kuma galibi wanda bai yi aikin shekara goma a ƙasar ba, ba ya samun ɓangaren asibiti na Medicare kyauta.

Sai kuma tarkon matakai. Farashin da ke kan takarda yawanci na ɗaki da abinci ne. Wanka, ba da magani, allurar insulin, sauya ƙunzugu, raka mutum ɗakin cin abinci, kowanne yana iya zuwa da kuɗinsa, kuma gidan da ke karɓar kuɗin shi ne ke auna matakin da tsohonka ya kai. Mu ƙaddara iyali sun tara dala 150,000. A kan 5,900 a wata za ta kai su wata 25. Idan aka ɗaga mataki aka ƙara 1,500, ta koma wata 20, tun ba a sa kuɗin shiga da ƙarin shekara-shekara ba. Me zai faru a wata na 21? Wannan tambaya ce ta ranar farko, domin tun ran gini ran zane. Gidan zai bar shi ya zauna da Medicaid, ko za a miƙo maka takardar sallama? Sauya wa mai gigin tsufa wuri yana ƙara rikita shi.

Kada ka sa hannu a yarjejeniya a ofishin mai talla. Tafi da ita gida, in da hali ka nuna wa lauya masanin dokokin tsofaffi. Nemi tarihin ƙarin farashi na shekara uku a rubuce. Duba dalilan da za su sa a sallami mazauni da kwanakin sanarwa. Duba ko akwai sharaɗin da ke hana ka zuwa kotu sai wurin mai sulhu. Lura da layin da ke mai da kai mai ɗaukar nauyin bashi da aljihunka: dokar tarayya ta hana gidajen jinya tilasta wannan, amma ba ta kai ga gidajen tallafi ba.

Wani zai ce, ai sai in zaɓi mafi tsada in huta. Tsada tana bin unguwa da sabon gini da faɗin ɗaki, ba dole ba ne ta bi yawan ma'aikata. Ƙaramin gida mai mazauna shida, wanda mai shi ke kwana a ciki, yana iya fin katafaren bene kula da mutum. Wani kuma zai ce tunda haka ne duk ɗaya suke, a ɗauki mai araha. Araha ba ta ado, kuma faɗuwa ɗaya da ta karya ƙugu za ta cinye abin da ka rage. Gidaje nagari suna nan, alamarsu kuwa ita ce tambaya ba ta ɓata musu rai.

Akwai abin da babu rahoton gwamnati da zai auna maka. Za a ba Baba abincin da babu alade a cikinsa, kuma mai dafa abincin ya san da haka? Inna za ta sami mace ta yi mata wanka, har a ranakun da ma'aikata suka yi ƙaranci? Wa zai taimaka da alwala? Masu gigin tsufa sukan rasa harshen da suka koya daga baya su koma na uwa. Idan Turancin Baba ya gudu, wa zai gane "ƙishirwa nake ji"? A sa waɗannan cikin rubutaccen tsarin kulawa, domin alkawarin baki yana tafiya tare da wanda ya yi shi ranar da ya bar aiki. Wannan ma dalili ne na fifita gida na kusa da kai a kan wanda ya fi kyau amma yana da nisan awa biyu.

Idan har yanzu tsohonka yana kan ƙafafunsa, yau ce ranar fara bincike, kuma da shi za a yi, domin shi ne zai zauna. Idan kuwa ka riga ka kai shi, aikinka bai ƙare ba. Ka riƙa zuwa a lokuta mabambanta, ka san sunayen masu aikin dare, ka gode musu, ka duba bayansa da dugadugansa saboda gyambon kwanciya, ka karanta takardar kuɗi layi-layi. Dangi na gida za su yi magana ko ka yi daidai ko ka yi kuskure. Wanda ya kamata ka ji tsoron kunyarsa shi ne mutumin da ke kwance a ɗakin can ƙarfe uku na dare, ya danna ƙararrawa yana jira.