Finafinai Masu Dogon Zango: Mu Ma Masu Kallo A Lafiya Muna Da Ta Cewa



Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na unguwanninmu ya san yadda safiyar Asabar take kasancewa. Kafin a gama gaisawa an shiga musu kan abin da ya faru a Labarina daren Juma'a. Haka abin yake a shagon tela a Sabon Pegi, haka yake a teburin mai shayi a Bukan Sidi, haka yake a wajen masu kitso a Tudun Gwandara. Sai dai a 'yan watannin nan muryar musun ta sauya. Da ana cewa "ka ga abin da wane ya yi?", yanzu abin da aka fi ji shi ne "wai har yanzu ba su wuce wurin nan ba?" Wannan ƙorafi ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa muka ga ya dace mu fito da shi fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari mu fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole. Manyanmu suna tuna zamanin marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da marigayi Ƙasimu Yero, da marigayi Karkuzu na Bodara da ake kallo daga Jos tun muna cikin tsohuwar Jihar Filato, kafin a ba mu Nasarawa a 1996. Bayan su aka shiga zamanin kaset da faifan CD, inda waƙa da rawa suka mamaye komai, har masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ita ta dawo mana da ɗabi'ar zama a jira shiri mako-mako. Daɗin Kowa ya nuna mana gari irin namu, mai almajirai da 'yan gudun hijira da matasan da ƙwaya ta lalata, Musulmi da Kirista a layi ɗaya, har ya ci kyautar AMVCA a 2016. Kwana Casa'in da ya zo a 2019 ya kai mu Jihar Alfawa, jihar da babu ita a taswira amma kowa ya gane Gwamna Bawa Maikada da mutanensa. Gidan Badamasi ya sa mu dariya da 'ya'yan da suka ƙagu ubansu ya mutu a raba gado, dariyar da a ƙarƙashinta akwai gaskiya mai ɗaci. Sai shekarar korona, 2020, da aka kulle mutane a gida, Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Malam Aminu Saira suka mayar da YouTube gidan talabijin na kowa da kowa. Babu mai ƙwace musu wannan.

To ina matsalar take?

Ta farko ita ce jan labari. Abin da za a iya gamawa a mako biyu sai a kai shi wata biyu. A buɗe shiri da maimaita na makon jiya. A bi da talla. Mota ta shigo gida, a nuna mai gadi yana buɗe ƙofa, a nuna mota tana tsayawa, a nuna mai gida yana fitowa, a nuna shi yana hawa bene taka ɗaya-ɗaya. Mutum biyu su zauna a falo su ba juna labarin abin da muka riga muka gani da idonmu. Jaruma ta tuna baya, a sake nuna mana bayan gaba ɗaya. Ana gab da faɗar maganar da muka jira mako guda, sai a rubuta mu haɗu a mako mai zuwa.

Mun san ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗora shiri a YouTube kuɗinsa yana fitowa ne daga yawan masu kallo da tallan da ake sakawa a tsakiya, kuma abin da ake biya kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Furodusa yana da jarumai da zai biya, da hayar gidaje da motoci, da man janareta wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Idan ya rufe labari a zango uku, masu ba shi talla sun tafi. Don haka yake ja. Mun fahimta. Amma shi ma ya kamata ya fahimci namu lissafin. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗan acaɓan da ya wuni tsakanin Shabu da cikin gari, da matar da take sayar da doya a bakin titin Makurdi, da ɗalibin da yake zaune a Gandu, kowannensu daga cikin kuɗin cefane yake yanko na datar nan. Wasu sai sun kai waya wajen mai caji sun biya kafin su kalla. Wanda ya ba ka kuɗinsa da sa'a guda ta rayuwarsa, bai kamata ka sallame shi da hoton mai gadi yana buɗe ƙofa ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce yadda dukiya ta zama alƙalin kowane labari. Mu ɗauki labarin Mainasara a Labarina, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a ciki. Attajiri ne ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talaka don ya gano wadda za ta so shi tsakani da Allah. Labarin ya ja hankali, kuma niyyar masu shi mai kyau ce, wato a daina auna mutum da abin hannunsa. Amma mu tsaya mu tambayi kanmu, me ya sa muka yi ta murna? Muna murna ne domin mun san akwai ranar da asiri zai tonu, waɗanda suka raina shi su ji kunya, wadda ta yi haƙuri ta shiga daula. Ashe ke nan ladan haƙurin ma dukiya ce. To shi kuma talakan gaske fa? Saurayin da yake ɗinki a Rimi Uku ba shi da kamfanin da ya ɓoye a Abuja. Malamin firamaren da yake jiran albashi ba shi da wani gidan bene da zai kai amarya ranar da za a ba mutane mamaki. Idan yarinya ta koyi cewa a yi haƙuri da talaka domin wataƙila mai kuɗi ne ya ɓad da kama, ranar da ta tabbatar talakan ne na gaske, me zai riƙe ta?

Ba Labarina kaɗai ba ne. Ka bi shirye-shiryen da ake yayi, za ka ga yawancinsu a falo ɗaya suke, kujeru na alfarma, Alhaji da Hajiya, rikicin gado, kishiya da boka, ɗan da aka musanya a asibiti. Talaka in ya fito, ko dai mai gadi ne, ko 'yar aiki, ko uban da kwaɗayi ya rufe wa ido. 'Ya'yanmu mata suna kallon lefen da ake jerawa a waɗannan gidaje, samarinmu suna kallon motocin. Sannan mu dawo muna mamakin yadda aure ya gagari matasa, da yadda ake neman kuɗi ta kowace hanya. Ba mu ce fim ne ya kawo wannan ba, talauci da rashin aikin yi sun riga shi zuwa. Amma abin da ake nuna wa mutum kowane mako shekara da shekaru yana zauna masa a rai.

Ta uku ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na mutanen Lafiya. A nan Hausa harshen kasuwa ce da makwabtaka. Da ita Bakambare yake ciniki da ɗan Eggon, da ita ɗan Alago yake gaisawa da Bafulatani, da ita Gwandara da Migili da Tibi suke sasanta rikicin gona. Ana wa'azi da ita a masallaci, ana yi da ita a coci. Duk waɗannan mutane suna kallon finafinan nan, suna ƙara musu yawan masu kallo. Amma yaushe rabon da ka ga mai irin Hausarmu ya fito a matsayin likita, ko alƙali, ko mutumin kirki da ake neman shawararsa? Sau da yawa in aka sako wanda harshensa ba na Kano ba ne, don a yi dariya aka sako shi. Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari a nan, Stephanie da iyalinta mutane ne masu daraja a cikin labarin, kuma wannan na cikin abin da ya sa shirin ya shiga ran mutanen yankinmu. Me ya hana saura su bi sahu? Ai masana'antar kanta ta ci moriyar yankin nan. Sani Mu'azu da ya fito a Bawa Maikada mutumin Jos ne, Nafisa Abdullahi ma a Jos ta tashi.

Wasu za su ce to a hana su mana. Mun ga yadda hakan take. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta, saboda ana sakinsu ba tare da an kai an tace ba. Hukuma tana da hurumin ta sa a bi doka, kuma daga baya shirye-shiryen sun dawo. Amma tacewa tana iya cire shigar banza ko kalmar batsa ne kawai. Ba ta iya sa marubuci ya daina jan labari, ba ta iya sa shi ya girmama talaka, ba ta iya kawo Lafiya cikin fim. Wannan aikin mai kallo ne.

Kuma mai kallo yana da ƙarfi fiye da yadda yake zato. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka kawo Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya, kowa ya ga yadda maganar ta cika Facebook. Masu shirya finafinan nan suna karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyonsu, domin can ne kasuwarsu. Abin takaici shi ne wasu suna ɓata wannan dama wajen zagin jarumai. A tsine wa yarinya don ta fito a muguwar kishiya, a zagi iyayen mutum don ya fito a azzalumi. Idan Baba Ɗan Audu ya ba ka haushi, Rabi'u Rikadawa ya iya aikinsa ne, ba zagi ya kamace shi ba. Wasu kuma ba su da abin rubutawa sai "wa yake kallo daga Saudiyya?" Da za a samu mutum ɗari su rubuta cikin ladabi cewa shirin wannan mako bai motsa daga inda yake ba, kuma mako mai zuwa su ƙi buɗewa, da an ga canji. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Ga masu shirya finafinai, roƙonmu kaɗan ne. Ku san ƙarshen labari kafin ku fara shi, in ya ƙare ku rufe ku kawo sabo, ba za mu gudu ba. Ku rage maimaici. Ku duba irin tallan da kuke karɓa, musamman na masu maganin da suke cewa suna warkar da kowace cuta, domin akwai marasa lafiyar da suke yarda saboda a shirinku suka gani. Ku ba mu talakan da ya rayu da mutuncinsa har ƙarshen labari ba tare da an gano ɗan attajiri ne ba.

Ga mu kuma mutanen gida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wanda zai taso daga Kano ya ba da labarinmu yadda za mu ba da shi. Muna da matan da suke dafa gishiri a Keana da Awe tun kaka da kakanni. Muna da manomin riɗi da agushi da dillalai suke cinye guminsa. Muna da zaman manoma da makiyaya a Doma da Obi, da daɗinsa da ɗacinsa. Muna da gidajen da wa Musulmi ne ƙane Kirista, ana cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti a tsakar gida ɗaya. Muna da tarihin masarautar da Dunama ya kafa. In wurin ɗauka ake nema, ga duwatsun Eggon, ga Farin Ruwa a Wamba, ga madatsar ruwa ta Doma. Makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, ba nisa. Muna da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai cike da matasa masu basira, waɗanda yanzu haka suke ɗaukar gajerun barkwanci da waya. Abin da suka rasa shi ne marubuci mai haƙuri da mai zuba jari. Muna kira ga masu hali a cikinmu su waiwayi yaran nan, muna kira ga NBS da NTA Lafiya su ware musu fili ko na rabin sa'a ne a mako. Iyaye kuma, a riƙa zama ana kallo tare da yara, in an gama a tambaye su me suka fahimta.

Wane shiri kuke bi yanzu, kuma me ya fi damun ku a cikinsa? Ku bayyana ra'ayinku a ƙasa, amma don Allah ban da zagi da cin mutuncin kowa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Lafiya da Jihar Nasarawa da Najeriya baki ɗaya. Amin.