Wannan Ba Gyara Ba Ce

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, wata dattijuwa maƙwabciyarmu a unguwar Bronx ta birnin New York ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, waya a hannun dama, dunƙulen rasit a hagu. Shekarunta sun haura sittin. Aikinta jinyar wata tsohuwa a gidanta: ta yi mata wanka, ta ba ta magani, ta ɗaga ta, ta kwantar, tun safe har dare. Ta ce, "Ɗana, duba mini wannan abin, ya ƙi karɓa. Sau huɗu ke nan ina ɗaukar hoton." Na ce, "To Hajiya, ki zauna tukuna ki sha ruwa." Na shimfiɗa rasit ɗin a kan tebur, na murje shi da tafin hannu, na ɗauka. Manhajar da ke wayarta ta ce hoton bai fito ba. Na sake. Sai ta ce kayan da aka saya ba shi ne na tayin ba, wai tayin na babbar kwalbar man girki ne, ita kuwa Hajiya matsakaiciya ta ɗauko. Kuɗin da muke wannan fama a kansa santi 75 ne. Ko dala ɗaya bai cika ba.

Tun daga wannan yammacin raina yake a ɓace. Ba da Hajiya nake ba, Allah Ya sani. Da mutanen da suka zauna suka tsara wannan abin nake, suka kuma raɗa masa suna taimakon mai ƙaramin ƙarfi.

Ga wanda bai san abin ba, a Amurka akwai manhajojin waya da ke cewa za su mayar maka da wani abu daga kuɗin cefanenka. Sanannun cikinsu su ne Ibotta da aka kafa a birnin Denver a 2011, da Fetch ta garin Madison a jihar Wisconsin, da Checkout 51 da ta samo asali a Toronto ta Kanada. Kafin ka fita sai ka buɗe manhaja ka zaɓi tayin da aka jera, ka je kanti ka lalubo kayan nan sak, na kamfanin da aka ambata, mai girman da aka ambata, ka biya cikakken farashi, ka dawo gida ka ɗauki hoton rasit. In na'ura ta yarda, a rubuta maka santi 50 ko dala ɗaya a asusu. Rubutawa kawai aka yi. A Ibotta sai abin ya kai dala 20 kafin ka iya cire ko sisi. Fetch kuwa maki take bayarwa, rasit na yau da kullum maki 25, maki 1,000 kuma kusan dala ɗaya ne. Rasit 40 ke nan kafin dala guda.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne wani ɗan'uwanmu da na ji a ƙofar masallaci yana koya wa sababbin zuwa yadda ake amfani da irin wannan manhaja, yana cewa, "Ai gyarar Turawa ce." A'a, malam. Kada a ɓata wa gyara suna. Duk wanda ya taɓa riƙe kwandon cefane a Yankaba ko Kasuwar Rimi ya san gyara. Ka sayi tumatir, mai kaya ya cika maka, sannan ya ɗebo biyu ko uku ya ɗora a kai tun kafin ka buɗe baki. Mai awo ta tula mudu har yana zuba, ta ƙara hannu guda ta ce a gaida mutanen gida. Nan take ake yin ta, ido da ido. Ba ta tambayi lambar wayarka ba, ba ta nemi sanin abin da ka saya a rumfar gaba ba, ba ta ce ka je ka tara sayayya arba'in sannan ka dawo ba. Ciniki take yi, tana so gobe ma ka zo wurinta, wannan kowa ya sani kuma babu laifi a ciki. Amma abin da ta ba ka daga kayanta ya fito, kuma a tukunyarka zai kwana a ranar. Idan ta ga yaro ne aka aiko, ko ta san gidan akwai marayu, hannunta yakan ƙara nauyi. Gyara tana duban mutum. Manhaja kuwa, mace mai shekaru sittin da ta yini a tsaye ta kawo mata rasit, ta mayar da ita saboda girman kwalba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Santin nan 75 daga ina ya fito? Daga kasafin tallan kamfanin da ya yi man. Kasafin talla kuma a ina ake tara shi? A cikin farashin da ke manne a jikin kwalbar, wanda kowa ke biya, mai manhaja da marar manhaja. An karɓe da dama, an miƙo ɗan guntu da hagu, kuma sai wanda ya bi layi ya yi abin da aka ce zai ga guntun. Mai manhajar shi ma yana yankar nasa a tsakiya duk lokacin da wani ya sayi abin da aka tura shi ya saya. Ibotta ta samu kuɗin shiga kusan dala miliyan 320 a 2023. A watan Afrilun 2024 ta shiga kasuwar hannun jari ta New York, aka sayar da hannun jarinta a kan dala 88 kowane ɗaya. Masu zuba jari ba su yi wannan rububin don tausayin masu jinyar tsofaffi ba. Sun ga hanyar juya akalar miliyoyin masu cefane zuwa inda mai biyan kuɗin talla yake so, suka saya.

Ku buɗe jerin tayin ku gani da idonku. Biskit, lemon kwalba, hatsin karin kumallo mai sukari, alewa, abincin kwali da ake ɗumamawa, sabulu mai ƙamshi iri goma. Jifa-jifa a jefo santi 10 ko 25 a kan ayaba ko madara don kada ka yi zuciya ka goge manhajar. Ina albasa, ina wake, ina kabeji, ina buhun shinkafa? Abincin da talaka ke rayuwa a kansa ba shi da kamfanin da zai biya masa talla, don haka ba kasafai yake shiga jerin ba. Mahaucinmu mai yankan halal ba ya ciki. Shagon kayan Afirka inda muke sayen daddawa da kuka da manja da busasshen kifi ba ya ciki. Kuma da na sake duba rasit ɗin Hajiya na gane abin da ya fi ba ni takaici: ta bar man da ta saba saya, wanda kantin ke yi da sunansa, mai sauƙin kuɗi, ta ɗauko mai suna wanda ya fi shi tsada da fiye da dala ɗaya, don ta samu santi 75. Ko da hoton ya karɓu, asara ta yi. Mace ce mai fama da ciwon suga, kuma a ƙasan rasit ɗin ga kwalin biskit biyu da ta ce "na jikoki ne, akwai tayi a kai." Wannan shi ne aikin da aka ƙera manhajar ta yi, kuma ta yi shi.

Sannan ga rasit ɗin kansa. Mutane suna ɗaukarsa tarkacen takarda, alhali madubin gida ne. A cikinsa ake ganin ko akwai jariri a gidan, ko akwai mai jinya, ko ana azumi, ko albashi ya shigo, ko wata ya yi nisa an koma sayen ƙanana. Ana ganin kantin da kake zuwa da ranar da sa'ar. Tun a 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantin Target ke gane mace tana da juna biyu daga irin abubuwan da take saya, tun kafin ta faɗa wa kowa. Shekaru fiye da goma ke nan, na'urorin kuma kullum ƙara kaifi suke yi. A watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta fitar da sakamakon farko na bincikenta a kan kamfanonin da ke amfani da bayanan mutum, kamar inda yake zaune da abin da ya saba saya, wajen tsara farashi ko rangwamen da za a nuna masa shi kaɗai. Har yau Amurka ba ta da cikakkiyar dokar tarayya guda da ke kare bayanan jama'a, kowace jiha da nata tsarin, wasu ma babu. A cikin wannan hali ake ce wa mutum ya kawo sirrin gidansa kaf a ba shi maki 25.

Me ya kai mutane ga wannan wahala? Yunwa da tsada. A 2022 farashin kayan abinci na kanti a Amurka ya tashi da kashi 11.4 cikin ɗari a shekara guda. A watan Maris na 2023 aka janye ƙarin tallafin abinci da gwamnati ta riƙa bayarwa lokacin annobar korona, a shirin da mutum fiye da miliyan 40 ke dogaro da shi. A Maris na 2025 dozin ɗin ƙwai ya haura dala 6. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, bai motsa ba. Hukumar cinikayyar nan da na ambata ta faɗa a rahotonta na Maris 2024 cewa ribar manyan kantunan abinci ta ƙaru a lokacin annoba kuma ta ci gaba da zama a sama bayan ta. A Fabrairun shekarar ne shugaban kamfanin WK Kellogg ya fito a talabijin yana ba iyalan da tsada ta dama shawarar su riƙa cin hatsin karin kumallo a matsayin abincin dare. Waɗanda suka ƙona gidan su ne suka dawo suna sayar da ruwa a cokali. Idan da gaske ana so a sauƙaƙa wa mai cefane, hanyar a buɗe take kuma ba ta buƙatar waya: a sauke farashin a kan kanta, kowa ya gani, kowa ya samu. Ba a yi haka ba saboda sauke farashi ga kowa asara ce a wurinsu, rangwamen da sai an sha wuya kafin a samu kuwa riba ce, don sun san da yawa za su manta, da yawa za su gaji, da yawa ba za su taɓa kaiwa dala 20 ba.

Wanda aka fi zalunta ma ba ya cikin lissafin. Tsohon da idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, baƙuwar da ba ta karanta Turanci, wanda wayarsa ta tsufa ko ba shi da kuɗin data, duk suna tsaye a layi ɗaya da mu suna biyan cikakken farashi, cikin kuɗinsu ake ɗebo abin da ake raba wa masu wayar zamani. Kaya ɗaya, kanti ɗaya, farashi biyu, kuma mai rauni ne ke biyan babban. Abin ya yi muni har birnin San Diego ya kafa doka a 2025 cewa kantin da ya sa rangwame a manhaja dole ya samar da shi ga wanda ba shi da ita. Birni ɗaya ke nan. Sauran fa?

Za a ce ai akwai waɗanda ke samun ɗaruruwan daloli a shekara. Akwai, na san wasunsu. Yawanci masu mota ne da za su zagaya kanti uku a rana, masu babban firji, masu rarar kuɗin da za su sayi abu shida yau don a mayar musu da dala biyar gobe, masu lokacin zama su yi ta latsa waya. Wanda kuɗinsa na cefanen mako ƙirgagge ne ba zai iya wannan wasan ba. Ba na kuma zargin duk wanda ya sa manhajar a wayarsa, domin mai neman abin sawa a tukunya ba a yi masa gori. Zargina yana kan masu rubuce-rubuce da masu bidiyo da ke yayata ta dare da rana a matsayin dabarar tattali, alhali da yawansu ana biyansu lada a kan duk mutumin da ya shiga ta lambarsu. Su faɗi wannan tukuna kafin su koya wa uwar marayu tattali.

Ina rubuta wannan da Hausa ne saboda guguwar ta riga ta iso gida. Manhajojin biyan kuɗi a Najeriya sun cika wayoyi da alƙawarin mayar da 'yan nairori idan ka sayi katin waya ko ka biya kuɗin wuta, a ƙasar da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma mutum nawa ne aka karanta wa abin da ya amince da shi ranar da ya danna "na yarda"? Ina tsoron ranar da za a ce wa mai awo a Dawanau ta daina ƙara hannu, wai manhaja za ta yi mata.

Na buɗe asusun Hajiya a gabanta. Wata biyar tana ɗaukar hoto, abin da ta tara dala 13 da 'yan santi, kuma ba za ta iya taɓa su ba tukuna. Na ce, "Hajiya, ki koma man da kika saba, ki bar biskit ɗin nan. Ranar Asabar zan raka ki cefane, mu sayi abin da ke cikin takardarki kawai." Ta yi shiru tana kallon wayar. Can ta ce, "To kuɗina da ke ciki fa, ɗana? Haka zan bar musu?" Ta ninke rasit ɗin da aka ƙi karɓa, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ce gobe da safe za ta sake gwadawa kusa da taga, inda haske ya fi yawa.